Ƙurajen zazzaɓi, kakar jariri da dabinon ranar suna

Tun da zafi ya kankama a Makka, da wuya in yi wuni ban miƙa wa wani man ƙurajen leɓe ba. Saƙonninku ma haka suka zo, kusan rabi a kan abu guda, shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Masu ce mini Duktura na gode da ƙarin girma, amma ni ma'aikaciyar saidaliyya ce, wato kantin magani, magani na karanta, shekara 16 ke nan ina bayan kanta. Abin da ya fi ƙarfin kanta zan ce a tafi asibiti, kuma in na ce a tafi, to a tafi.

Duktura, barka da aiki. Yau kwanana huɗu da haihuwa, namiji. Surukata ta zo daga Katsina don Umara da zaman jego. Saukarta ke da wuya ta kwanta mura da zazzaɓi, jiya kuma ƙuraje masu ruwa suka feso mata a leɓen sama. Ta ce ba komai, zazzaɓin ne ya fita. Yaron ba ya sauka daga hannunta, tana sumbatarsa tana masa tofi, kuma ta ce ita za ta tauna dabino ta shafa masa a ganɗa ranar suna. Hankalina bai kwanta ba, ga shi ɗan fari ne, in na yi magana a ce ba ni da kunya. Yaya zan yi?
*Mai jego, Shara Mansur*

Saƙon nan da daddare ya shigo, a daren kuma na kira ta, don ba irin wanda ake ajiyewa sai mujalla ta fito ba ne. Ga abin da na gaya mata.

Ƙanwata, barka da arziki, Allah ya raya. Hajiya ta faɗi rabin gaskiya. Zazzaɓin ne ya tayar da ƙurajen, amma mai su wata ƙwayar bairos ce, wadda Larabawa ke ce wa harbis, a takardar asibiti kuma za ki ga an rubuta HSV-1. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da ita, kusan biyu cikin kowane uku. Ga babba abin bai wuce kwana bakwai zuwa goma na rufe baki da gefen mayafi ba. Jaririn da bai kai mako shida ba kuwa lissafinsa daban ne. Garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba, ƙwayar na iya wuce fata ta shiga jini, ta taɓa hanta, ta hau ƙwaƙwalwa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, kada ki hana idonki barci. Amma in ya faru akan rasa yara, wasu da suka tsira kuma su tashi da naƙasa.

Ruwan da ke cikin ƙurajen cike yake da ƙwayar, yawun mai su ma haka. Saboda haka daga yau har ɓawon ya faɗi fatar ta haɗe, bakin Hajiya ba zai taɓa yaron ba, ko fuska ko hannu, tunda hannun jariri bakinsa yake nufa. In za ta ɗauke shi ta wanke hannu da sabulu ta sa kamama, wato takunkumin rufe baki da hanci. Addu'a ta yi masa iya son ranta, ta dafa kansa da wankakken hannu, a jinkirta tofin kawai.

Sai dabino. Tahniki, wato shafa wa jariri taunannen dabino a ganɗa, sunna ce tabbatacciya, yana cikin Bukhari da Muslim cewa Abu Musa ya kai ɗansa wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa masa suna Ibrahim ya yi masa tahniki da dabino. Ba ni da bakin hana wannan. Abin da nake da bakin faɗa shi ne mai ƙurji a leɓe ba zai tauna ba. Kai, ko wanda leɓensa ke lafiya lau, ƙwayar kan fito a yawunsa wasu ranaku bai sani ba. Da ɗana ne, sai in sami ruɗab, ɗanyen dabino mai taushi, babansa ya wanke hannu ya murje ɗan kaɗan da yatsa ya shafa masa. Hukuncin yin haka ku tambayi malaminku, a garin nan ba a rasa malami.

Na san abin da ya fi damunki shi ne wa zai gaya wa Hajiya. Ba ke ba. Maigidan ne zai yi maganar. Ɗa da uwa sa yi ta su gama kafin la'asar, ke kuwa in kika furta sai a shekara goma ana tuna miki. Ya sayo mata magani da man leɓe ya kai mata ɗaki, ya ce ya damu da ciwon nata, kuma ma'aikatan lafiya sun ce kada bakin mai ƙurji ya taɓa jariri. Ba ƙarya ya yi ba, ga ni na faɗa. Kunun kanwa da ruwan wanka da karɓar 'yan barka duk a bar mata, kada ta ji an ture ta gefe.

Tunda an riga an sumbace shi, ki sanar da likitan yara, ki kuma sa ido a makonnin nan. In ya ƙi nono, ko jiki ya saki yana ta barci ba ya tashi, ko zafin jiki ya kai 38, ko numfashi ya canja, ko kika ga ƙurji mai ruwa ko ɗaya tak a fata ko ido ko baki, ku nufi ɗawari, sashen gaggawa na asibiti, a lokacin, ko ƙarfe uku na dare ne. Kada ki jira ganin ƙurji, wasu jariran ba ya fito musu sam. Ki buɗe baki ki ce wa likita wata mai harbis a leɓe ta sumbace shi. Wannan jimlar kan sa a fara magani ta jijiya da wuri, wanda ake yi kwana 14 zuwa 21, kuma saurin farawa shi ne komai. Ke ma in ya taɓa fito miki kina shayarwa, ki ci gaba da ba da nono da kamama da wankakken hannu, sai fa in a kan nonon ƙurjin yake.

Na ji labari daga baya. An yi suna, baban yaro ya murza dabino, Hajiya ta yi fushin wuni ɗaya.

Anti, ni tura keken tsofaffi nake yi tsakanin masaukai da Harami. Duk azumi da Hajji sai leɓena ya fashe da ƙuraje, a wuri ɗaya kullum, gefen dama na ƙasa. Na shafa makilin, na ɗiga turare, ba sauƙi. Na je neman mudad, wato antibayotik, an hana ni wai sai da takardar likita. Na sayi man da ake cewa, shi ma ban ga aikinsa ba. Akwai maganin da zai raba ni da abin nan gaba ɗaya?
*Wani matashi, Misfala*

Ƙanina, babu. Gara in faɗa maka yanzu da wani ya ci kuɗinka a kan kwalbar da ba ta da suna. Ƙwayar nan in ta shiga jiki sai ta bi jijiyar fuska ta haura can cikin kai, wajen saitin kunne, ta sami wani ƙullin jijiya ta kwanta. Magungunan da muke da su suna kama ta ne lokacin da take hayayyafa, in tana barci ba abin da za su riƙe. Ranar da ta farka, jijiyar da ta hau ita za ta biyo ta sauko, abin da ya sa kake ganinta a gefen dama na ƙasa duk shekara kamar mai biyan haya.

Masu tashinta kuwa aikinka ya tara su: rana mai dukan fuska, rashin barci, gajiya, bushewar leɓe, da murar nan da alhazai ke rarrabawa kyauta. A gida Najeriya ko Nijar zazzaɓin cizon sauro ma yakan tashe ta. Mata kuma wasu sai al'ada ta matso.

Wanda ya hana ka mudad ya kyauta maka. Tun 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ta tsananta a kan sayar da shi ba takarda, kuma ko an ba ka ba ya taɓa bairos. Makilin da turare kuwa ka bari. Makon jiya wani dattijo ya tsaya a gabana ya yaye shimaginsa, gyalen da maza ke yafawa a ka, daga baki. Makilin ya bushe ya yi fari fat kamar an shafa farar ƙasa, ƙarƙashinsa fata ta tsage tana tsattsafo da jini, ciwon da bai fi ƙwayar gero uku ba ya zama faɗin ɗan yatsa. Ya ce ai da ya ji zafi ya san yana aiki. Zafin nan ƙuna ce, Baba, na ce masa. Tafarnuwa da lemon tsami da toka duk layinsu ɗaya.

Man da ka saya, in asiklobir ne, wanda aka fi sani da Zovirax, ina zargin ka makara ne. Ka tuna yadda abin ke farawa. Kafin ido ya ga komai akwai wuni guda ko biyu da wurin ke tsikari, yana ɗan zafi, kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata. Sannan bororo ƙanana su taru, su fashe, su yi ɓawo, su warke. Lokacin man shi ne lokacin kiyashin nan. Mafi yawan masu zuwa wurina sai ƙurji ya fashe suke zuwa, a sannan ɓarawo ya riga ya fita da kaya. Ka ajiye shi a aljihu tun kafin mausimi, lokacin azumi da Hajji, kada ka bar shi a rana. Da ka ji tsikari ka shafa, sau biyar a wuni, wajen kowace awa huɗu, kwana biyar. Ka wanke hannu kafin da bayan shafawa, ka ɗan danna shi a hankali ba murzawa ba. Kuma kada in yi maka zaƙin baki, ko an yi daidai abin da yake ragewa bai fi wuni ɗaya ba, wani lokaci rabin wuni. An yi wani gwaji a New Zealand, aka wallafa a 2019, aka kwatanta man da wata zuma ta can da aka tace don magani, ba a ga wani bambancin kirki ba. Ban sani ba ko yabon zuma ne wannan ko tonon asirin man. Ni dai mai son ɗiga zuma mai tsabta ba na hana shi.

Ƙwayoyin sha sun fi man ƙarfi. Akwai balasiklobir, ana shan giram 2, bayan awa 12 a ƙara giram 2, shi ke nan an gama, shi ma a farkon tsikari. Wannan sai likita ya rubuta, kuma a irin aikinka ina so ka ji dalili: ta ƙoda yake fita, mutumin da ya wuni yana zufa bai sha ruwa ba ƙodarsa ba ta son ƙarin kaya. Mai ciwon ƙoda dole ya faɗa a rage masa. In abin na zuwa maka sau shida ko fiye a shekara, likita na iya ɗora ka a kan ƙaramin awo kullum na wasu watanni, ko na kwanakin aikin Hajji kaɗai. Ka je markaz, ƙaramin asibitin unguwarku, ka yi wannan maganar tun Shawwal, ba ranar Tarwiyya ba. Asiklobir ɗin nan, don ka sani, daga ɗakin binciken wata mata ya fito a Amurka, Gertrude Elion, wadda ta sami kyautar Nobel a 1988. Nakan gaya wa 'yan mata masu zuwa koyon aiki wurinmu.

Abin da zai fi yi maka amfani ya fi duk waɗannan araha: man leɓe mai kare rana, wanda aka rubuta SPF 30 ko sama a jikinsa, ka riƙa sabuntawa bayan awa biyu da bayan alwala. In kana cikin harami ka nemi marar ƙamshi. In ƙurjin ya riga ya fito, ƙanƙara a cikin tsumma tana rage zugi, Panadol ma haka, basilin kuma na hana ɓawon tsagewa in ka yi dariya. Kada ka ɓamɓare. Kofin shayinka da tawul da asawaki da reza naka ne kai kaɗai har ka warke. In kuna zaman shisha da abokai, ban tambaye ka ba, amma bakin tiyon ma haka. In ya wuce mako biyu bai warke ba, ko ya yi ta faɗi yana ɓawo ruwan zuma, a duba shi, wata ƙwayar ta hau kai, a nan ne mudad ɗin naka zai iya shigowa.

Duktura, wata uku da aurenmu. Ƙuraje suka fito wa mijina a baki, na ɗauki hoto na bincika a intanet, sai na ga an ce harbis ne, cutar da ake ɗauka ta saduwa. Mun yi gwajin kafin aure an ce lafiyarmu ƙalau. Ke nan bayan auren ya ɗauko? Kwana uku ban yi masa magana ba.
*Amarya, Jidda*

Amarya, je ki dafa masa abin da yake so. Gwajin da kuka yi sikila yake nema da talasimiya, wani ciwon jini na gado, da ciwon hanta nau'in B da C da kuma HIV. Harbis ba ya ciki, don haka takardar ba ta ce komai a kansa ba, ko a da ko a yanzu.

'Yan gida ɗaya ne su biyu. HSV-2 ita ce aka fi sani da al'aura, ita intanet ta nuna miki. Ta leɓe kusan kullum HSV-1 ce, kuma galibi tun ana yara ake ɗaukarta, daga sumbar gwaggo, ko cokali ɗaya, ko lomar da kaka ta tauna ta sa wa jika a baki. Wasu yaran sukan yi zazzaɓi da gyambon baki su ƙi abinci kwana biyar a ce haƙori ne, wasu ko alama. Mai yiwuwa mijinki na tare da ita tun bai san harafin alif ba, hidimar biki da bashin da ta bari suka tashe ta. Mai yiwuwa ke ma kina da ita ba ta taɓa nuna kanta ba. Ni tawa safiyar ɗaurin aurena ta zaɓa. Duk hotunan ranar hannuna na kan baki, dangin miji suka yi ta yabon kunyata.

Abu ɗaya zan faɗa a fili tunda ke matar aure ce. Ta leɓen na iya sauka ƙasa in baki ya kai can. Daga fara tsikari har warkewa, ba sumba, kuma baki ya tsaya inda yake. In kina da ciki kika ga ƙuraje masu zafi a gabanki, musamman a watannin ƙarshe, ki gaya wa likitar awo a ranar. Finjalinsa na gahawa a ware masa na kwana goma, ba a kwaɗa shi cikin kwanon ruwan da ake ɗauraye na baƙi ba. Kwana ukun da kika yi ba magana kuwa ke kika san yadda za ki biya.

Nawa a cikin baki yake fitowa, fari zagaye da ja, a bayan leɓe ko gefen harshe. Man Zovirax bai yi mini komai ba.
*Ɗaliba, Madina*

Ba zai yi ba, 'yata, kuma ba a sa shi cikin baki. Wannan gyambon baki ne na daban, ba harbis ba, ba a kuma ɗaukarsa. Ki kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, ki rage yaji, akwai man shafawa na cikin baki mai kashe zafi. In yana yawan dawowa a duba jininki, ƙarancin sinadarin ƙarfe ko bitamin B12 kan kawo shi. Wanda ya kai mako uku bai warke ba likita zai gani.

Shafa man a leɓe yana karya azumi?
*Baba, Jarwal*

Baba, abin da na ji daga malamai shi ne abin da ya tsaya a fata bai wuce maƙogwaro ba ba ya karyawa. Ka shafa kaɗan, kada ka lasa.

'Yata mai shekara shida ta yi ƙurajen zazzaɓi, yanzu idonta ɗaya ya yi ja yana hawaye, ba ta son haske. Akwai ragowar maganin ɗigawa da aka ba mahaifiyata bayan aikin ido, na fara sa mata jiya.
*Uba, Rusaifa*

Malam, ka dakatar da ɗigon nan yanzu. Wanda ake bayarwa bayan aikin ido yawanci akwai kortizon, maganin rage kumburi, a ciki, kuma in harbis ne ya shiga idon, kortizon taki ne a gare shi. Jan zai ragu ka ɗauka an samu sauƙi, alhali gyambo na ci a kan baƙin idon, tabon da zai bari kuma na iya rage mata gani har girma. Yara kan sosa leɓe su murza ido. Ido ɗaya ja, da zafi, da gudun haske, ga ƙurji a baki, wannan na likitan ido ne a yau, ba na saidaliyya ba, kuma man leɓen ma ba a kai shi kusa da ido. Haka nake cewa ga yaro mai ikzima, ciwon ƙaiƙayin fata, da ƙuraje suka bazu masa a fuska, da duk wanda ke shan maganin kansa ko aka yi wa dashen ƙoda. In ka rasa inda za ka nufa ka kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, su nuna maka. Ka yanke mata farce, ka ware mata tawul, ka sa kwalbar ɗigon a aljihu ka nuna wa likitan, ka gaya masa sau nawa ka ɗiga.